Bafaranshen da ya yi kiɗan Arrisala

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna kaset ɗin Arrisala da azumi ya san kiɗan fim ɗin nan, ko da ya manta fuskokin 'yan wasan. Ka kunna masa shi daga wani ɗaki, kafin a yi nisa zai ce maka ga mahaya uku can sun keto sahara ɗauke da wasiƙu zuwa ga sarakunan Rum da Farisa da Masar. In ka tambaye shi wa ya yi kiɗan, yawanci zai ce wani Balarabe ne, ko Bamisire ko ɗan Siriya. Alhali Bafaranshe ne haifaffen birnin Lyon, sunansa Maurice Jarre, kuma a lokacin da daraktan fim ɗin, Mustafa Akkad, ya nemo shi ya riga ya ci kyautar Oscar har sau biyu.

Ni ma sana'ata ke nan, sa wa fim kiɗa. Ba waƙoƙin rawa nake nufi ba, waɗannan akwai masu yin su, kuma su ne ke samun suna da kuɗi. Nawa shi ne wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana, wanda mai kallo ba ya lura da shi sai ranar da ya ɓaci. A wani ɗan situdiyo nake aiki a Kano, da fiyano ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu. Maigidana da ya koya mini aikin shi ya fara faɗa mini sunan Jarre, ya ce in ina son in gane bambancin mai cika fim da ƙara da mai yi wa hoto hidima, to in zauna da aikin mutumin nan. Na zauna da shi, har yau kuma ban tashi ba.

An haife shi ranar 13 ga Satumba, 1924. Mahaifinsa injiniya ne a gidan rediyo, kuma hanyar da ya so ɗan ya bi ke nan. Jarre ya fara karatun injiniya, sai ya watsar ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris, uban bai so ba. Ya shigo harkar a makare. Yaran da ke zama gwanayen goge ko fiyano a Turai tun suna 'yan shekara biyar ko shida ake ɗora musu hannu, shi kuwa sai da ya zama saurayi. Don haka ya karkata ga ganguna, musamman manyan tamburan nan na tagulla da ake jerawa a bayan ƙungiyar makaɗa. Wannan abu ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ka saurari buɗewar Lawrence of Arabia, kafin goge ko ƙaho su ce uffan, ganguna ne ke fara magana, kuma da ƙarfi. Makaɗin ganga ya san lokaci a jikinsa, ya san daƙiƙa ɗaya tana da tsawo, kuma aikin fim kusan dukkansa lissafin daƙiƙoƙi ne.

Makarantarsa ta gaskiya dandamalin wasan kwaikwayo ce. A 1951 Jean Vilar ya karɓi ragamar gidan wasan ƙasa da ake kira TNP, da niyyar kai manyan wasanni ga leburori da ɗalibai a kan kuɗi kaɗan, ya ɗauki Jarre ya zama shugaban kiɗansa. Shekara goma sha biyu ya yi a wannan kujera. Wanda bai taɓa yi wa wasan daɓe kiɗa ba zai ga abin kamar ƙaramin aiki ne, amma a can ake koyon haƙuri. Ɗan wasa ba ya jiran makaɗi. Shirun da ya yi jiya na numfashi biyu ne, yau sai ya yi na huɗu, kai ne za ka bi shi. Sannan babu kuɗin ɗaukar makaɗa tamanin, mutum kaɗan za a ba ka, dole ka nemo launi daga kayan da wasu ba su kula da su ba. Daga nan ya samo ɗabi'ar neman baƙin kayan kiɗa. Cikinsu akwai wata na'urar lantarki da wani Bafaranshe, Maurice Martenot, ya ƙera a 1928, mai zobe da ake ja a kan waya, sautinta ya yi ta zamewa sama da ƙasa ba tare da yankewar numfashi ba. Jarre ya koyi kaɗa ta, ya kuma yi ta sa ta a finafinansa. Busar ƙahonin da ya rubuta a wancan zamani har yanzu ita ake yi wa 'yan kallo a bikin wasan kwaikwayo na Avignon, alamar a zo a zauna za a fara.

Georges Franju ne ya fara jawo shi fim, da wani gajeren fim a kan gidan tsofaffin sojoji na Paris a farkon shekarun 1950, daga nan suka yi wasu tare. Shekara goma yana yin finafinan Faransa ba a san shi sosai a waje ba, sai kiɗan wani fim na 1962, Les Dimanches de Ville d'Avray, ya shiga kunnen Sam Spiegel, furodusan da ke shirya Lawrence of Arabia tare da darakta David Lean.

Labarin yadda aikin ya faɗo hannunsa ina son sa, don duk makaɗin fim zai gane kansa a ciki. Spiegel manyan sunaye yake so. Shirinsa shi ne Aram Khachaturian na Tarayyar Sobiyet ya yi ɓangaren Larabawa, Benjamin Britten na Ingila ya yi ɓangaren Turawa, shi kuma wannan yaron Bafaranshe ya cike gurabe. Na farkon bai samu fitowa daga ƙasarsa ba, na biyun ya nemi lokaci mai tsawo da fim ɗin ba shi da shi. Aka koma kan Richard Rodgers, gwanin waƙoƙin dandamali na Amurka, aka kaɗa wa Lean abin da ya aiko a fiyano, Lean ya ce bai yi ba. Sai aka waiwayi Jarre aka ce ko yana da wani abu. Ya zauna ya kaɗa abin da ya rubuta bayan ya kalli hotunan sahara na sa'o'i masu yawa. Nan take Lean ya ce shi zai yi fim ɗin duka. Abin da ya rage kafin ranar nuna fim ɗin a gaban Sarauniya a Landan, 10 ga Disamba, 1962, mako shida ne, fim ɗin kuma ya doshi awa huɗu, yana bukatar kiɗan da ya kai awa biyu. Ya rubuta, ya kuma jagoranci makaɗan da kansa, duk da cewa a jikin fim ɗin sunan Sir Adrian Boult aka rubuta a matsayin jagora. Boult babban malami ne, amma bai saba da daidaita sanda da hoton da ke gudu a bango ba, sai ya bar wa Jarre. Sunan dai nasa ne ya zauna. Jarre ya ba da labari cewa ko bikin Oscar na 1963 bai je ba, don Spiegel ya gaya masa ba zai ci ba. Ya ci, yana da shekara 38.

Wurin da kowa ke ambata a fim ɗin shi ne inda Peter O'Toole, wanda ya fito a matsayin Lawrence, jami'in Ingilan da ya yi yaƙi tare da Larabawa, ya hure ashana, hoto ya yanke zuwa sararin sahara kafin rana ta ɓullo. Ka lura da abin da kiɗan ya yi. Bai faɗo gaba ɗaya ba. Ya fara da ɗan motsi ƙasa-ƙasa, yana hawa a hankali yadda jan rana ke hawa, sai da tuddan rairayi suka buɗe sannan goguna duka suka saki babban amon. Da ya saki amon tun a kan ashanar, da ya ƙone shi a banza.

Amma ni wurin da ya fi koya mini aiki shi ne inda bai yi kiɗa ba sam. Lawrence da ɗan rakiyarsa suna bakin rijiya, sai ga wani ɗigo baƙi can nesa cikin kawalwalniya. Ɗigon yana ta matsowa, a hankali ya zama mutum a kan raƙumi, ɗan wasa Umar Sharif ke nan a fitowarsa ta farko a fim ɗin. Tsawon wannan jira babu goge babu ganga, sai iska da takun raƙumi, har ƙarar bindiga ta fasa shirun. Mutumin da ke da makaɗa cike da ɗaki ya bar wurin haka.

Na taɓa jayayya da wani darakta a kan irin wannan. Fim ne mai dogon zango, ya kawo mini kashi na bakwai da daddare yana so da safe. Akwai wurin da aka zo aka gaya wa wata uwa cewa ɗanta ya rasu a hanyar dawowa daga Legas. 'Yar wasan ta yi abin da ya kamata. Ba ta yi kururuwa ba, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, idonta a ƙasa. Mai ɗaukar sauti ya kamo kukan kaji da lugude daga maƙwabta, duk suna nan a faifan. Na bar wurin babu kiɗa. Da ya kalla sai ya juyo.

"Malam, nan ka manta ne?"

"Ban manta ba, Oga. Nan wurin a bar shi haka."

"A'a, kuɗi fa na biya. Ka sa min mai ban tausayin nan tun daga sallamar mutumin, mata su yi kuka."

Na ɗauko waya na nuna masa wurin rijiyar nan. Ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce ai wannan Bature ne, masu kallonmu in suka ji shiru za su ɗauka sauti ne ya ɗauke. Muka yi ta ja. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa kiɗa ba zai shigo ba sai lokacin da tsintsiyar ta zame daga hannunta, kuma sarewa ɗaya ce kawai, ba gogunan kwamfuta ba. Ya tafi yana ƙorafi, amma haka kashin ya fita. Ban ga laifinsa sosai ba. Kunnenmu ya saba da fim ɗin da fiyano ke kuka tun daga farko har ƙarshe, har mai kallo ya daina jin komai, don abin da ba ya tsayawa kunne ba ya riƙe shi.

Akwai abin da nake riƙe da shi a kan kiɗan Lawrence, kuma zan faɗa. Sahara ce yadda idon Bature ke ganinta, mai faɗi, mai ban sha'awa, kusan babu mutane a cikinta. Amon ya ari ɗan ƙamshin Gabas amma ba kiɗan Larabawa ba ne, ba kuma muryar Badawiyyan da aka yi yaƙin a ƙasarsu ba. Ya dace da fim ɗin, don fim ɗin ma ta idon jami'in Ingila aka ba da shi. Kyansa ba ya hana a ga wannan.

Doctor Zhivago, shi ma fim ɗin Lean, ya biyo baya a 1965. Labarin Rasha ne amma yawancinsa a Sifen aka ɗauka, don a lokacin an haramta littafin a Tarayyar Sobiyet. Lean ya riga ya ƙwallafa rai a kan wani tsohon amo na Rasha da ya ɗora a kan hoto lokacin tacewa, sai aka kasa samun izinin amfani da shi. Wannan ciwo duk mun san shi: darakta ya saba da kiɗan aro, duk abin da ka kawo sai ya ji bai kai ba. Jarre ya kawo, aka ƙi, ya sake kawowa, aka ƙi. A yadda ya ba da labari, Lean ya ce masa ya manta da Rasha, ya ɗauki budurwarsa su tafi kan duwatsu su huta, ya rubuta mata abin da ke ransa. Abin da ya dawo da shi shi ne amon Lara, jarumar labarin, wanda daga baya aka sa masa baiti ya zama waƙar da ta zaga duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne makaɗan balalaika, molon Rasha mai ciki kusurwa uku. Babu ƙungiyarsu a Hollywood, sai ya je cocin 'yan Rasha a Los Angeles ya tattaro masu kaɗa shi a gidajensu. Ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, sai ya koya musu da kunne, gaɓa-gaɓa, har suka haddace. Masu goge da gurmi da sarewa da ke zagaye da mu a Kano da Zariya da Katsina duk da kunne suke aiki, kuma sau da yawa dalilin da ake bayarwa na ƙin kiran su situdiyo shi ne wai ba za su iya bin lissafin kwamfuta ba. Za su iya, in mai kiran nasu yana da haƙurin zama da su. Fim ɗin ya kawo wa Jarre Oscar ta biyu.

Yanzu Arrisala. Mustafa Akkad ɗan Aleppo ne da ya yi karatun fim a Amurka, burinsa ya ba wa Turawa labarin farkon Musulunci da irin girman finafinan da suka saba gani. An fara ɗauka a Maroko, aka samu matsin lamba aikin ya tsaya, aka ƙarasa a Libiya da taimakon gwamnatin Gaddafi. An yi shi kashi biyu a fage ɗaya, 'yan wasan Turanci su yi su fita, na Larabci su shiga su maimaita. Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullahi Gaith na Masar a na Larabci. Irene Papas ce Hindu a ɗaya, Muna Wasif ta Siriya a ɗayan. Bilal na Turanci kuwa Johnny Sekka ne, haifaffen Dakar. Kiɗan Jarre shi ya raka duka biyun. Fim ɗin ya fito a 1976.

Matsalar da aka ajiye a gaban makaɗin babu irinta a duk aikinsa. Ba za a nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, ba za a ji muryarsa ba. Haka matansa da 'ya'yansa da halifofi huɗu. Sayyidina Ali ma takobinsa mai baki biyu kawai ake gani. Dabarar Akkad ita ce sahabi ya dubi kyamara ya yi magana, sai a yi ɗan shiru, sannan wani ya maimaita amsar da aka bayar. Wannan ɗan shirun shi ne wurin da fim ɗin zai iya rushewa. In aka bar shi fayau, mai kallo zai ji kamar an yanke wani abu. In aka cika shi da ƙahoni da amshin muryoyi yadda Hollywood ta saba yi wa finafinan annabawa, an shiga hurumin da bai kamata ba, an yi ƙoƙarin zana da sauti abin da aka ƙi zanawa da hoto. Jarre ya sa wani siririn sauti mai laushi, irin na ogan, wanda ba ya hawa ba ya taƙama. Ba ya cewa ga kamanni, ba ya cewa ga murya. Abin da yake yi kawai shi ne ya sanar da kai cewa mutanen da ke cikin hoton suna gaban wanda suke girmamawa, sai ka ga sauran a fuskokinsu. Ni a wurina wannan ladabi ne, kuma ladabi ne da aka yi da gwaninta. Na san akwai malamai da ba su yarda da fim ɗin ba tun asali, akwai kuma waɗanda ba su yarda da kiɗa ba ko wane iri, ina girmama matsayinsu. Abin da nake faɗa ƙarami ne: mutumin da aka ba wannan aiki ya gane inda ya kamata ya ja hannunsa.

Babban amon fim ɗin kuma ya sha bamban da na Lawrence, ko da yake duka sahara ce kuma hannu ɗaya ne. A nan ya saurara sosai. An gina shi a kan tsarin da masana sautin Larabawa ke kira Hijaz. In ka zauna a fiyano za ka gan shi da ido: daga maɓalli na farko zuwa na biyu taki ne ƙanƙani, daga na biyu zuwa na uku tsalle ne mai faɗi, sannan a sake matsewa. Wannan tsallen shi ne abin da kunnenmu ya sani daga bakin ladanai da yawa, shi ya sa Bahaushe ke jin amon kamar ya san shi tun kafin ya ji shi. Yakan fara da abin busa guda ɗaya, shi kaɗai, sannan goguna su karɓa su faɗaɗa shi. Amon ɗaya ne yake juyawa a tsawon fim ɗin. Lokacin azabtar da masu rauni a Makka yana da nauyi da jan ƙafa. Lokacin gina masallacin Madina ganguna sun shigo, ya zama na mutane masu aiki da murna, ana miƙa tubali hannu da hannu. Ranar shiga Makka ya buɗe gaba ɗaya. Mai kallo ba ya lissafa wannan, amma zuciyarsa tana biye, don abin da ya ji yana ƙarami a farkon fim shi ne ya dawo masa da girma a ƙarshe. An sa kiɗan cikin jerin masu neman Oscar a bikin 1978, John Williams ya cinye da Star Wars.

Akkad ya sake kiran sa a Lion of the Desert, fim ɗin Umar Mukhtar, malamin Alƙur'anin da ya yi shekara ashirin yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Nan makaɗin ganga ya samu fili, takun sojojin Mussolini da motocinsu a gefe guda, amon tsohon da dawakansa a ɗaya gefen. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, sai a 2009 aka nuna shi a talabijin a can.

Tsakanin waɗannan biyun ya yi manyan ayyukan talabijin. A 1977, shekara guda bayan Arrisala, shi ya yi kiɗan Jesus of Nazareth na Franco Zeffirelli, wanda ya haura awa shida. A 1980 ya yi Shogun, labarin wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila a Japan, da aka nuna dare biyar a jere a Amurka. Mu da muke cikin zamanin finafinai masu dogon zango a tashoshi da YouTube, nan ne darasinmu yake. Labarin da zai yi makonni ba a riƙe shi da sauti ɗaya na baƙin ciki da ɗaya na soyayya da ake ta liƙawa. Ana ba wa mutum ko wuri amonsa, sai amon ya girma ko ya karye tare da shi. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai makaɗi ya san inda labarin ya dosa tun daga farko. Mu kashi-kashi ake kawo mana, sau da yawa marubucin ma bai san ƙarshen ba.

Oscar ta uku ta zo da A Passage to India na 1984, fim ɗin Lean na ƙarshe. A wannan zamani Jarre, yana wajen shekara sittin, ya karkata ga kayan lantarki, dangin fiyanon da muke amfani da shi. Mafi kyau a cikinsu a ganina shi ne Witness na 1985, na darakta Peter Weir, wanda aka yi a cikin mutanen Amish na Pennsylvania, masu gudun kayan zamani da ba sa amfani da kayan kiɗa a ibadarsu. Goge da ƙaho za su zama baƙi a cikinsu, sai ya zaɓi sautin da ba na kowane kayan kiɗa ba. Akwai wurin da gari ya fito aikin gayya ana ɗaga rumbu. Ya kafa layi ɗaya a ƙasa yana maimaituwa, duk zagaye sai ya ɗora wani a kai, katako na hawa sauti na hawa, har ginin ya tsaya. Ba duk aikinsa na wannan zamani nake so ba. Wasu sun tsufa, sautin na'urorin shekarun 1980 ya fito fili, yau sai ka ji su sirara. Amma ya faɗi abin da na yarda da shi, cewa aikin lantarki na kirki bai fi na makaɗa sauƙi ko arha ba. Yakan tara masu kaɗa na'urorin su yi tare a lokaci guda, kowa da hannunsa da numfashinsa. Mu nan an ɗauki fiyano a matsayin hanyar korar makaɗa goma a biya mutum ɗaya, a kuma ba shi dare ɗaya. Laifin ba na na'urar ba ne.

Ya ci gaba da Fatal Attraction, Gorillas in the Mist, Dead Poets Society da Ghost na 1990. Gaba ɗaya sau tara aka sa sunansa a takarar Oscar, finafinan da ya yi wa kiɗa sun haura 150.

Rayuwar gidansa ba ta yi daidai da ta aikinsa ba. Aure huɗu ya yi. Ɗansa Jean-Michel, da aka haifa a 1948, yana ɗan shekara biyar iyayen suka rabu, ya tashi a hannun uwarsa, uban kuma daga baya ya tare a Amurka. Yaron ya zama shahararren makaɗin lantarki da ƙoƙarin kansa, faifansa Oxygène ya fito a shekarar da Arrisala ya fito, kuma ya sha faɗa a fili cewa bai samu uba a kusa ba. Wannan yana damuna duk lokacin da na tuna, don na san yadda aikin nan ke cin dare da rana, na kuma san 'ya'yan abokan aiki da ke barci kafin uba ya dawo, su tafi makaranta kafin ya tashi.

David Lean ya rasu a 1991 yana shirin wani fim da Jarre zai yi wa kiɗa. Shekara ta gaba Jarre ya jagoranci makaɗa a Landan a wani taron tunawa da shi, aka kaɗa kiɗan finafinai huɗun da suka yi tare. Akkad ya rasu a 2005 sakamakon harin bam da aka kai wani otal a Amman, tare da 'yarsa, bai samu yin fim ɗin Salahuddin da ya daɗe yana nema wa kuɗi ba. Aikin Jarre na ƙarshe na talabijin ne, Uprising na 2001, a kan boren Yahudawan Warsaw lokacin yaƙin duniya na biyu. A watan Fabrairun 2009 bikin finafinai na Berlin ya ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa, ya je ya karɓa da kansa yana fama da ciwon daji. Ya rasu a Los Angeles a ƙarshen Maris na shekarar, yana da shekara 84.